Turaren Hedimasta

A wata sabuwar unguwa da ke bayan Rijiyar Zaki a Kano, irin unguwannin nan na awon igiya da gona ke rikiɗewa ta zama gidaje cikin damina biyu, an yi wani dattijo da kowa ke kira Hedimasta. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare. Da ya ajiye aiki aka biya shi haƙƙinsa bayan dogon jira, ya haɗa da kuɗin gonar gado da ya sayar, ya gina gida a fuloti mai ƙafa 50 da 75. Ɗaki huɗu ne da zaure, sai tsakar gida mai faɗi, don ya ce shi ba zai zauna a gidan da mace ba za ta iya daka da shanya a sarari ba.

Suna zaune lafiya har filin da ke gabas da su, wanda yara ke buga ƙwallo a ciki, ya samu mai saye. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, matashi, mai hannu da shuni, ana ce masa Alhaji. Ranar da aka fara haƙa harsashi bai shigo ya gai da Hedimasta ba, yaronsa ya aiko da yadi 10 na shadda da saƙon gaisuwa. Hedimasta ya karɓa ya yi godiya, ya jefa shaddar a ƙasan akwati, bai taɓa kai ta wurin tela ba. A ganinsa wanda zai zama maƙwabcinka da ƙafarsa yake zuwa.

Gini ya tashi, aka zuba kankaren bene, aka ci gaba da jera bulo a sama. Wata rana da hantsi Hajiya, uwargidan Hedimasta, tana surfe a tsakar gida, ɗaurin ƙirji ne a jikinta ko kallabi babu, sai ɓawon gyaɗa ya faɗo kusa da turmi. Ta ɗaga kai. Wani lebura ne zaune a bakin wata babbar taga ta benen, ya zuro ƙafafu waje yana ɓarar gyaɗarsa, gidan nata kuwa duk yana ƙarƙashin idonsa, daga madafa har ƙofar banɗaki. Ta saki taɓarya ta faɗa ɗaki.

Da dare ta ce, “Malam, ka je ka sami mutumin nan tun ba a yi wa ginin shafe ba. Taga ɗaya ce.”

Hedimasta ya ce, “Ni in je ƙofar yaron da na haifi kamarsa in roƙe shi ya rufa min asiri? Wanda ya gina bene ya san abin da ya gina. Idanunsa biyu.”

“To ka tura Mai unguwa.”

“In kai ƙara a ce tsoho yana hassadar mai arziki? Ki bar ni da shi, na san abin da zan yi.”

Abin da ya fara yi shi ne kiran magini a ƙara wa katanga tsawo. Maginin ya duba ya ce harsashin katangar ba zai ɗauki ko jeri biyar ba, kuma kafin a tare tagar sai an kai ƙafa 20. Wannan kuwa rushewa ne a sake sabo da ginshiƙan rodi, kuɗin da ɗan fansho ba shi da shi. Ana cikin haka babban ɗansa da ke karatu a Turkiyya ya ji labari, ya turo hotuna ta WhatsApp: wasu dogayen bishiyoyi ne siraran jiki, a jere reras a bakin gonaki da gidaje, ganye tun daga ƙasa har ƙololuwa, ba ka ganin abin da ke bayansu. Ya ce fofula ake ce musu, kuma a shekara suna ƙara mita ɗaya zuwa biyu. Hedimasta ya kwana yana kallon hotunan.

Gari na wayewa ya nufi wurin wani tsoho mai sayar da dashe a bakin titi, wanda ya yi aikin gandun daji tun yana saurayi har ya yi ritaya. Ya same shi a tsugune yana cika ledoji da ƙasa da taki. Bayan sun gaisa ya miƙa masa wayar.

Tsohon ya nisanta wayar daga idonsa, ya daɗe yana dubawa. “Wannan itacen ƙasar sanyi ne, Malam. Sai ya ji sanyin da ke daskarar da ruwa, ya zubar da ganyensa kaf, ya yi barcin watanni, sannan ya farfaɗo. Zafin Afrilun Kano ba zai bar shi ba. Ka ce wa yaron ya ɗauko maka hotonsa a watan Janairu, za ka ga tsinke ne a tsaye. Ko da zai rayu a nan, rabin shekara tsirara zai bar ka.”

Tsohon bai faɗi ƙarya ba, kuma ko a ƙasashen da fofula ke jin daɗi ba kowa ne ke sa mata albarka ba. Wadda aka fi jerawa don kariya, ’yar asalin Lambardiya ta arewacin Italiya, saurin tsufanta daidai yake da saurin girmanta, sau da yawa ciwon ɓawo kan cinye ta tun ba ta yi shekara 20 ba. Saiwarta kuwa ta sha shiga kotu. A 1940 wata kotu a Ingila ta sa wani kamfani ya biya diyya saboda fofular da ya jera a bakin filinsa ta tsotse damshin ƙasar da gidajen maƙwabta ke kai, har gine-ginen suka nutsa suka tsattsage. Hoton waya ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Hedimasta ya ce, “To Baba, mene ne namu na nan da zai yi wannan aikin?”

Tsohon ya nuna wasu ’yan dashe masu dogon ganye mai sheƙi. “Ga wannan ’yar Indiya da kake gani a jere a gidajen Nasarawa. Rassanta ƙasa suke kallo, ba ta buɗewa, ba ta zubar da na ƙasa. Ita ce ta aikinka. Amma ka ba ta shekara biyar ko shida, da ruwa.”

“Shekara shida iyalina suna yawo da hijabi a tsakar gidansu? Wannan fa?”

“Wannan turare ne.” Tsohon ya tsinki ganye ɗaya ya murje shi ya miƙa masa, ƙamshin ya bugi hancinsa. “In ya samu ruwa, shekara biyu zuwa uku ya wuce ƙafa 20. Babu mai kama shi a nan. Amma ba itacen gida ba ne.”

Ya gyara zama a kan wata jarka. “Bayan farin 1973 da mu aka yi aikin jera shi a arewacin Kano don ya tare iska da rairayi. Ka je Yambawa ta wajen Ɗambatta ka ga layukansa. Iska kam ya tare ta. Amma manoman da gonakinsu ke jikin layin sun yi ta kuka, geron da ke kusa da shi sai ya tsumbure. Mutane suka ce inuwa ce. Da masu bincike suka zo suka haƙa dogon rami tsakanin layin da gona suka datse saiwoyin, sai geron ya miƙe. Ashe ta ƙasa ake yi masa sata. Asalinsa itacen bakin kogi ne a Ostareliya, ƙishirwarsa daga gida ya taho da ita. Duk inda ya ji damshi sai ya je, ko rijiya ce, ko salga, ko bututu. In za ka dasa shi, ka ba shi ƙafa 50 daga kowane gini.”

“Fulotin nawa gaba ɗaya faɗinsa ƙafa 50 ne.”

“To ka ji amsarka, Malam.”

Hedimasta mutum ne da ya saba shi ke yin tambaya a ba shi amsa, in ba ta yi masa ba ya ce a sake. Ya ce a ƙirga masa guda 12. Tsohon ya girgiza kai, ya ce sauri dai shi ke haifar nawa, amma ya ƙirga, don ciniki ya fito yi. Yana ɗora su a bayan a-daidaita-sahu ya ƙara da cewa, “Tun da ka ƙi ji, ka riƙe abu ɗaya. Da zarar sun kai tagar, ka sa a datse kawunansu, kuma duk shekara a sake. Turare in an sare shi tohowa yake, ya yi cunkus. In ka bar shi ya ga dama, sama zai tafi ya bar ka.”

A tsakiyar Yuli aka yi dashen, lokacin da ruwa ya zauna. In ana maganar kula, babu abin da za a ce Hedimasta ya rage. Ya sa aka fasa siminti a bin katangar gabas har kwanar arewa, aka haƙa ramuka masu zurfin gwiwa, taku uku tsakanin kowane biyu. Ya cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin awaki ya mayar, ya yanke ledar kowane dashe da reza a hankali don kada ƙasar jikin saiwa ta warwatse, ya danne gindin da tafin hannu, ya yi masa ’yar kwarya da za ta riƙe ruwa. Gara ta ci guda uku a watan farko, ya wayi gari ya ga sun langaɓe, da ya ja sai suka fito ba saiwa. Ya sayo wasu ya maye, ya riƙa barbaɗa toka da maganin gara a gindinsu. Awakin Hajiya ya sa aka ɗaure su a turke. Da rani ya shigo ya ɗauki ɗan ga-ruwa na musamman, ya kuma karkatar da kwatar wanke-wanke ta riƙa bi ta gindinsu. Yana da wata tsohuwar rula ta allo da yake auna su da ita duk ranar Juma’a, yana rubutawa a bayan kalanda, har suka fi ƙarfin rular.

A damina ta biyu suka leƙa saman katanga. A ta uku tagar Alhaji ta ɓace a bayan ganye. Hajiya ta koma surfenta ba mayafi, ’yan mata suka koma yin kitso a tsakar gida. In mura ta kama yaro a hunturu sai a tsinko ganyen a tafasa a yi masa sirace, maƙwabta ma suna aikowa a ɗebar musu. Abokan Hedimasta na majalisa suka riƙa zuwa kallo, shi kuwa yana tsaye yana bayani da hannu a baya, irin tsayuwar da yake yi a gaban ɗalibai. Hajiya ta tuna masa maganar datse kai. Ya ɗaga ido ya dubi yadda suke rausaya a sama da rufin Alhaji, ya ce, “A datse wannan? Bari su nuna masa akwai abin da ya fi bene tsawo.”

Turare yana da wata ɗabi’a da mai gaggawa ba ya tambaya. In yana tafiya sama, rassan ƙasa da ba sa samun rana bushewa suke su karye su faɗo, musamman in an dasa shi kusa da juna. A shekara ta biyar ganyen duk ya koma can ƙololuwa, abin da ya rage daga ƙasa har sama da tagar sai gangar jiki fara sumul, a jere kamar turakun lantarki. Wata safiya Hajiya ta fito da tsintsiya, ta ɗaga kai, suka yi ido huɗu da wata ’yar aikin gidan Alhaji tana kakkaɓe darduma ta taga. Ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki ta ɗauko hijabinta. Ranar Hedimasta bai fita majalisa ba.

Wannan shi ne abin da ake gani. Abin da ba a gani ba yana arewa da gidan, inda wata tsohuwa da ake kira Iya take zaune da jikokinta marayu uku. Gidanta na jar ƙasa ne, tun unguwar tana ƙauye yake nan, mijinta ne ya gina shi kuma shi ya haƙa rijiyar da ke tsakar gidan. Ƙosai da koko take sayarwa da safe. A bayan ɗakinta tana da ’yan zogale da lalle da take samun na cefane da su.

Zogalen ne suka fara sanƙarewa. Daga nan rijiyar da a da take kaiwa har Mayu da ruwa ta fara ƙafewa tun Fabrairu. In jikanta ya zura guga sai ya fito da laka da wasu siraran saiwoyi jajaye a cukurkuɗe, in aka murza su ƙamshin turare suke. Katangar da ke jikin kwanar Hedimasta ta tsage daga ƙasa zuwa sama. Iya ta kwaɓa ƙasa ta liƙe, bayan wata uku tsagar ta dawo har hannun yaro na shiga. Bakin salgarta ya fara zaizayewa. Ta san daga inda abin yake, ai ba yarinya ba ce. Amma Hedimasta ne ke koya wa jikokinta karatu a zaurensa da yamma ba ya karɓar ko sisi, Hajiya kuma ba ta taɓa tsallake ta da abincin buɗa-baki ba. Da wane baki za ta je ta ce bishiyarku na cin gidana? Sai ta fara sayen ruwa daga ribar ƙosai, ta yi shiru.

Shi ma Alhaji ba lafiya yake zaune ba. Sau biyu yana kiran mai gyaran famfo saboda bututun banɗakinsa ya toshe, ana fasawa a tarar da saiwa ta cika shi dam. Busasshen ganye ya cushe indararon rufinsa har ruwa ya riƙa bin bango. Ya san dalilin da ya sa aka dasa bishiyoyin, ya kuma san in ya buɗe baki maganar taga za ta taso. Don haka shi ma ya haɗiye. A masallaci sahu ɗaya suke tsayawa da Hedimasta, in an sallame su ba juna yatsu uku, kowa ya nemi takalminsa. Aka yi shekara shida a haka, gida uku kowa na fama da abin da ɗaya ya jawo masa, ba wanda ya taka ƙofar wani.

Hadarin farko na ƙarshen Mayu ya taso daga gabas bayan sallar isha, da jar ƙura a gabansa. Duk wanda ya zauna a Kano ya san wannan iskar, mai kwashe kwano ta kai shi wata unguwa. Turaren da ke kwanar arewa shi ya fi kowanne tsawo, saiwarsa kuma ta ɓangare ɗaya harsashin katanga ya tare ta. Mutane suka ji wata ƙara mai tsawo, sannan rugugi. Ya tuge daga gindi, ya haɗa da katangar Hedimasta da ta Iya, ya kwanta a kan ɗakin da jikokin ke kwana. Allah ya sa tsawar farko ta kore su zuwa ɗakin kakarsu. Tunkiyar da Iya ke kiwo don sallar layya ce ta mutu a ƙarƙashin ƙasar katanga.

Hedimasta ne ya fara isa, da tocila a hannu, ba hula, ruwa na dukansa. Ya haska ɗakin, ya ga katifar yaran a ƙarƙashin gungumen, da jakar makarantar ƙaramin, wadda shi da kansa ya saya masa. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna a cikin taɓo.

Washegari bayan la’asar aka taru a zauren Mai unguwa, da Liman da dattawa. Mai unguwa ya fara da Hedimasta. “Malam, me ya sa ka jera itacen daji a cikin gida?”

“Ranka ya daɗe, tagar Alhaji ce. Tana kallon iyalina.”

“Ka taɓa gaya masa?”

Hedimasta ya dubi tabarma.

Alhaji ya yi caraf ya ce, “Ranka ya daɗe, ka ji dai. Shekara shida ba wanda ya ce da ni uffan. Ni kuma da takardar izini na yi ginina.”

Mai unguwa ya juyo. “Kai Alhaji, ka taɓa tsayawa a bakin tagar nan?”

“Na taɓa.”

“Me ka gani?”

Alhaji ya ɗan yi jim. “Tsakar gidan Malam.”

“Kana jiran sai an gaya maka ke nan?”

Liman ya gyara murya. Ya ce takarda ta ba mutum izinin hawa sama, amma ba ta ba shi izinin leƙa gidan mutane ba, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana buɗe tagar da za ta tona maƙwabci, kamar yadda aka hana haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinka ne. Sannan ya juya wajen Hedimasta ya kawo labarin da Abu Dawud ya ruwaito na Samura ɗan Jundub, wanda yake da dabino a cikin gonar wani mutumin Madina da ke zaune a ciki da iyalinsa. Shigar Samura wurin dabinonsa tana takura wa mutumin, ya kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka nemi Samura ya sayar, ya ƙi. Aka nemi ya karɓi musaya, ya ƙi. Aka kwaɗaitar da shi ya bayar kyauta don lada, ya ƙi. Sai aka ba mai gonar umarni ya je ya tuge dabinon. Liman ya ce, “Dabino ke nan, da ake ci. Ina ga wanda ke rushe ɗakin marayu?”

Aka ce Iya ta yi magana. Tana daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “Ranka ya daɗe, ni ba a leƙa ni ba, ban leƙa kowa ba. Ban san taga ba, ban san bene ba. Abin da na sani, da ruwan rijiyata aka kwaɓa simintin gidajen nan biyu, ban karɓi ko kwabo ba. Yau shekara biyu ina sayen ruwa.”

Mai unguwa ya ce, “Iya, ke ma da laifinki. Da kin zo tun katanga na tsagewa, da ba mu kai ga haka ba.”

“Kunya ce, ranka ya daɗe.”

“Kunyar da ta kusa cin yara uku.”

Aka yanke cewa Alhaji ya toshe taga, Hedimasta ya sare turare duka ya gina wa Iya ɗaki da katanga. Alhaji ya ɗan yi gunaguni a kan iska da haske, aka ce ya bar ’yar kafa a sama inda kan mutum ba ya kaiwa. Da aka zo maganar tunkiya ya ce shi zai biya, wataƙila don kada a tashi a ce bulo kawai ya yi asara.

Magini ɗaya da lebura ɗaya suka toshe tagar tsakanin hantsi da azahar. Saran turaren kuwa mako biyu ya ci. Babu filin da za a kayar da itace mai ƙafa 50 a tsakanin gidaje, sai da masu inji suka riƙa hawa suna yanka guntu-guntu suna sauko da shi da igiya, kuma kuɗin hawa daban yake da na sara. Masu sayen itacen gini suka zo suka taya gungumen da abin da bai biya rabin ladan masu injin ba. Hedimasta ya ɗauka an gama. Kafin wata ya zagayo, da ruwan damina a kansu, kowane kututture ya fito da tohon jajayen ganye fiye da 20. Sai da aka fasa simintin tsakar gida aka bi saiwoyin da diga da gatari, wata ta bi ta ƙarƙashin madafa, wata ta shige ƙarƙashin ɗakin Hajiya aka datse ta a nan aka bar sauran. Babur ɗinsa ya sayar ya gama ɗakin Iya.

Bayan an kwana biyu ya koma wurin tsohon mai dashe. Tsohon ya riga ya ji labari, bai ce ai na gaya maka ba, ya jawo masa jarka ya zauna. Hedimasta ya tambaye shi ko rijiyar Iya za ta dawo tun da an cire bishiyoyin.

“Za ta ɗan samu sauƙi, amma kada ka ɗora wa turare abin da ba shi kaɗai ya yi ba. Rijiyar burtsatse nawa aka haƙa a layinku a shekarun nan? Kowa ya zura bututu ya wuce ta. Turare ya sha na sama, su sun janye na ƙasa.”

Hedimasta ya ɗauki wannan maganar ya tafi da ita gidan Alhaji da ƙafarsa, karo na farko tun da suka zama maƙwabta. Ba a san abin da suka tattauna ba, an dai ga an kawo shayi sau biyu. A makon aka jawo bututu daga tankin Alhaji aka kafa famfo a jikin katanga ta waje, daidai ƙofar Iya. Rijiyar ba ta dawo yadda take ba, tana kawo ruwa da damina ta ƙafe da rani. A tsakiyar gidansa Hedimasta ya dasa gwaiba ɗaya, nesa da kowace katanga, Iya kuma ya kai mata dashen lalle da zogale ta mayar a bayan sabon ɗakin.

Mai karatu, in fulotinka ƙafa 50 ne kuma wani ya kawo maka dashen turare da damina, ka karɓa ka yi godiya, sannan ka kai shi iyakar gona, ko bayan filin makaranta, ko gefen maƙabarta, inda zai tare iska ya ba da itacen gini ba tare da ya taɓa harsashin kowa ba. Kafin ka haƙa ramin kowace bishiya a cikin gida, ka tambayi mai dashe iya inda saiwarta ke kaiwa, ka auna tazarar da ke tsakaninta da rijiya da salga da katanga, naka da na maƙwabtanka na kowane ɓangare.